Yaya Haske Ke Mayar da Iskar Kabon Ta Zama Makamashi?

Akwai wani farin gari mai kama da hoda. Titaniyam dayoksaid ne, irin wanda ake zubawa a farin fenti. A 1972 Akira Fujishima da Kenichi Honda na Japan suka nuna cewa idan haske ya sauka a kansa, yana iya raba ruwa. A 1979, su da abokan aikinsu suka gwada shi da iskar kabon dayoksaid, aka sami ɗan metanol, wani sinadari da ake ƙonawa kamar mai, da danginsa.

To, ana ta yaɗa cewa rana ce ke ƙona iskar ta koma mai. Ba haka ba ne. Hasken da muke gani ratsa iskar yake yi ya wuce abinsa. Garin nan shi ke kama hasken.

Mu duba abin da ke faruwa a cikin garin. Haske ya bugi ilektiron guda, wato 'yar mitsitsiyar ƙwayar lantarki da ke cikin garin, ya yi tsalle, ya bar gurbinsa fanko. Yanzu sai ya fito saman ƙwayar garin, ya tarar da iskar a manne, ya shige ta. Amma gurbin da ya bari yana janyo shi baya. Kafin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, yawancinsu sun koma, ƙarfin ya tashi a zafi, an yi wahalar banza.

Kuma ɗaya bai isa ba. Mayar da iskar ta zama kabon monoksaid na buƙatar ilektiron 2, metanol 6, iskar metan 8, duk su iso wuri guda. Gurbin ma sai an cike shi da ilektiron daga ruwa, in ba haka ba aiki ya tsaya cak. Akan sa ɗigon jan ƙarfe ko falatinam a saman garin, don su cafke ilektiron kafin ya juya.

Saura kuma? Wannan garin hasken ultrabayolet kaɗai yake sha, wato wanda ido ba ya gani, wajen kashi 5 cikin 100 na hasken rana. A 2022 masana a Jami'ar Kambirij sun ɗora ganyen roba, wato wata na'ura mai kama da ganye da ke aiki da hasken rana, a kan kogi, yana samar da iskar makamashi.

Ni dai abin yana burge ni ƙwarai. Amma duk wanda ya ce ya samar da mai, ku tambaye shi ko ya gwada da kabon-13, wani nau'in kabon da ake bin sawunsa a gane ko daga iskar man ya fito, domin dattin da ya maƙale a garin ma kan ba da sakamakon ƙarya.