Sharhi: Gurbin da Ake Tsallakewa a Cikin Tarago

Masu sauraro, tun watan Disamban 2024 da jirgin ƙasa na cikin birnin Riyad, mai layuka shida da tashoshi 85, ya fara ɗaukar fasinjoji, mutanen da a da kowa ke cikin motarsa ko motar kamfaninsa suka koma zama a tarago ɗaya: ma'aikacin banki da lebura, ɗan ƙasa da baƙo. An raba taragun gida uku, wato na ajin farko, da na iyali, da na maza su kaɗai, kuma wannan rabo a rubuce yake, kowa ya san da shi. Sai dai akwai wani rabon da ba a manna shi a jikin ƙofa ba.

Idan tarago ya fara cika, mai shigowa yakan ɗaga kai ya ƙare wa kujeru kallo, ya ga gurbi kusa da baƙar fata, sai ya zarce ya kama ƙarfe a tsaye, ko kuma ya zauna a ɗosane yana mayar da jakarsa ɗaya gefen. Bahaushen da aka haifa a Makka ko Jidda, wanda kakansa ya zo aikin hajji da ƙafa ta ƙasar Sudan, Larabcinsa kuma ba shi da maraba da na kowa, ba ya buƙatar a fassara masa wannan kallo. Gaskiya ne cewa wani tsayuwar ce ya fi so, wani kuma a tasha ta gaba zai sauka, amma idan gurbi iri ɗaya ne kullum ke cika a ƙarshe, uzurin ya fara rauni.

A birnin Montgomery na Amurka, inda aka kama Rosa Parks ranar 1 ga Disamba, 1955 saboda ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera a cikin motar bas, doka ce ta raba mazaunin, shi ya sa baƙaƙen fata suka ƙaurace wa motocin na kwana 381, Kotun Ƙoli kuma ta rushe dokar a 1956. A jirgin Riyad kuwa babu dokar da za a kai ƙara, babu direban da ya ce a tashi, don haka wanda aka guje wa ba shi da abin nunawa, in ya yi magana ma a ce ya cika zargi.

Mu ma kada mu wanke kanmu, domin abin da muke kuka da shi wasunmu suna yi wa leburan Bangaladash da 'yan Habasha masu komawa gida da ƙurar aiki a jikinsu, alhali mutanen nan su ne muke haɗa kafaɗa da su a sahun sallah, kuma a Huɗubar Bankwana Manzon Allah (SAW) ya soke fifikon Balarabe a kan wanda ba Balarabe ba, da na fari a kan baƙi, sai dai da taƙawa.

Hukumomin sufuri suna da kyamarori a cikin taragu, suna kuma da jami'o'i a kusa da su. Za su iya sa masu bincike su ƙirga wace kujera ce ake bari, kuma kusa da wa, su fitar da sakamakon jama'a su gani.