Kwamfuta na koyar da yaro? Abin da bincike ya gano

Shiga Computer Village, kasuwar kwamfuta da ke Ikeja a Legas, ba za ka rasa uba daga Agege ko Idi-Araba yana cinikin ƙaramar kwamfuta don karatun ɗansa ba. Shin kuɗin nan zai zama ilimi? Masana sun kusa shekara 100 suna bin wannan tambaya.

Tun a shekarun 1920, Sidney Pressey na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka ya ƙera na'urar da ke jefo tambaya, ba ta matsawa gaba sai ɗalibi ya danna amsar daidai. A shekarun 1950 B. F. Skinner, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya ɗora a kai: a gutsura darasi ƙanana-ƙanana, yaro ya ga sakamakonsa nan take. Da yawa daga cikin manhajojin karatun da ke wayarka yau a kan wannan dabara suke tafiya.

Sai 2005, aka zo da shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro. Har makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja an gwada shi. Ƙasar Peru ce ta zuba kuɗi sosai, ta raba dubban ɗaruruwa. Da aka bibiyi makarantu sama da 300, rahoton 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa kwamfuta, amma a lissafi da karatu ba su fi waɗanda ba a ba su ba. Abin takaici ne, domin makarantun talakawan karkara ne.

To amma saurari abin da ya faru a Delhi ta Indiya. An gwada wata manhaja, Mindspark, wadda ke fara auna inda yaro ya tsaya kafin ta ba shi aiki. Aka gano a aji ɗaya, tazarar da ke tsakanin na gaba da na baya kan kai aji biyar ko shida. Wane malami ne zai iya bi da kowa haka? Manhajar ta kama kowane yaro daga matakinsa, ga kuma malami a gefe. Cikin wata huɗu da rabi, ci gabansu a lissafi da harshen Hindi ya zarce na sauran nesa ba kusa ba.

A nan Legas, shirin EKOEXCEL da aka fara a 2019 hannun malaman firamare ya saka na'urar, ɗauke da tsarin darasi. Jarrabawar shiga jami'a ta JAMB kuwa tun 2015 ta koma kwamfuta gaba ɗaya, saboda haka yaron da bai taɓa danna madannai ba an bar shi a baya tun kafin a fara jarrabawa.

Don haka Alhaji, Hajiya, idan makaranta ta ce a kawo kuɗin kwamfuta, ku tambaya: wace manhaja ce a ciki, tana gane matakin yarona? Wane malami ne zai zauna da su? Idan aka ɗauke wuta, da me za a yi caji?