Shok ɗin but ba ya son guduma

Tun da bidiyon nan ya karaɗe WhatsApp, na wani bawan Allah yana jibgar shok ɗin but (abin da ke riƙe murfin but ɗin mota a buɗe) da guduma, tambayoyi suka yi mini yawa kan yadda ake canza shi. To, ku matso.

Wannan Golf ce mai jigilar Illela. Kun ga sandar da ta tokare murfin saboda shok ɗin ya mutu? A tasha kowane direba ya san tasa, in ka ɗauka sai an yi faɗa. Da hunturu abin ya fi muni. Iskar nitrojin ce a matse cikin shok ɗin, gari na yin sanyi ƙarfinta ya ragu, murfi ya sauko maka a ƙeya.

Bar sandar a wurinta tukuna, murfin nan nauyi gare shi.

Duba kan shok ɗin, inda ya hau ɗan ƙwallon ƙarfe. Ga wani siririn ƙarfe ya rungume shi ta baya, kamar zoben da bai haɗe ba. Shi ne kilif, kuma shi kaɗai ya riƙe komai. Zura bakin sukudireba ƙarƙashinsa, ka ɗaga kaɗan. Kaɗan fa na ce, malam! Riƙe shi a haka, ɗaya hannun ya jawo shok ɗin wajenka. Ya fita, ko zufa ba mu yi ba.

In ka ɓamɓare kilif ɗin gaba ɗaya, tsalle zai yi ya faɗa yashi, ku wuni kuna tankaɗe ƙasa da yaran gareji. Guduma kuwa ƙwallon take lanƙwasawa, in ta kuɓuce ta sami gilashin baya.

Sabon ba ruwanka da kilif ɗinsa. Saita, danna da tafin hannu. Ka ji ƙas? Ya zauna.

Saura a gurguje. A jikin tsohon akwai lamba mai harafin N, kamar 450N, ƙarfinsa ke nan, nemi daidai ita da tsawo ɗaya. Canza duka biyun, ɗaya bayan ɗaya. Yadda tsohon ya fuskanta haka za ka mayar, galibi ƙarfen mai santsi da ke shiga yana fita ƙasa yake kallo don man ciki ya riƙa jiƙa robar da ke tare iskar. Kar ka shafa masa giris, ƙurar Sakkwato za ta manne ta cinye robar, tsumma ya isa. Tsohon kuma kar a huda shi, kar a kai wa mai walda.

Yanzu zare sandar. Ga murfi nan tsaye shi kaɗai.