Fili Naka Ne, Amma Kwana A Cikinsa Sai Da Izini

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iskar nan, haka ƙauyukan yankin Essex na Ingila suke idan sanyi ya fara shigowa. Ga fili nan a bayana. Kun ga shingen katako, kun ga ƙofar ƙarfe da kwaɗo a jiki, can kuma dawakai ne ke kiwo. Irin wannan filin ake ta turo mana hotonsa a waya, wai ana gwanjonsa da arha. Wani ƙanena da ya zo aikin kula da tsofaffi ya kira ni cikin dare, muryarsa har rawa take don murna. Ya ce, "Yaya, na samo mafita. Maimakon in riƙa zuba wa mai gida rabin albashina, in sayi ɗan fili, in samo tsohon karaban in ajiye, in kwanta abina. Ai filina ne." Na ce masa ya riƙe kuɗinsa tukuna.

Ga wanda bai sani ba, karaban ɗaki ne na tafi-da-gidanka. Akwai ƙarami mai taya da mota ke ja, akwai kuma babba wanda sai tirela ta ɗauko shi ta sauke. A dokar Ingila zai iya kai tsawon mita 20, faɗin mita 6.8, tsayin rufinsa daga ciki mita 3.05, kuma duk da haka sunansa karaban, muddin za a iya ɗauke shi a kai wani wuri. Wannan girman ya fi gidan da yawancinmu ke haya a Landan. Shi ya sa lissafin yake da daɗi a baki.

Inda gizo ke saƙar shi ne, tun 1947 majalisar dokokin ƙasar nan ta raba abu biyu da mu muka saba haɗawa. Mallakar fili daban, ikon sauya abin da ake yi da filin daban. Na farko naka ne idan ka biya kuɗi. Na biyu yana hannun ƙaramar hukuma, wato kansul. Dokar 1990 da ake aiki da ita yanzu a kan wannan tushen take. Filin da aka sani na noma ne ko na kiwo, ranar da ka mai da shi wurin kwananka ka sauya amfaninsa ke nan, ko da bulo ɗaya ba ka ɗora ba. Mutane kan ce, "To ai ba gini ba ne, yana da taya." Gaskiya ne, su ma jami'an kansul ba su ce gini ba ne. Zaman da kake yi a ciki shi suke tuhuma. Sannan akwai dokar 1960 ta wuraren ajiye karaban, wadda ta ce bayan izinin kansul, sai ka kuma karɓi lasisin wurin. Lasisin ba ya fitowa sai izinin ya riga shi.

Nan ne ma sirrin arhar yake. Eka ɗaya ta gona a Ingila wajen fam 10,000 take, sama ko ƙasa kaɗan. Wannan ekar idan ta samu izinin gina gidaje, kuɗinta kan ninka sau da yawa. Mai sayarwa ya fi ka sanin haka. Da izini na samuwa cikin sauƙi, da shi ya nema kafin ya sa ta a kasuwa. Wasu ma babbar gona suke saya su yanyanka ta ƙanana a kan takarda, su sayar wa baƙi irinmu da alkawarin cewa gari na tahowa. Kansul da yawa, da sun ga an yi haka, sai su janye har ɗan ikon da mai fili ke da shi na kafa shinge ba tare da tambaya ba.

Za ku ji ana maganar kwana 28, wai kowa na iya zama a karaban a filinsa na kwana 28 ba tare da izini ba. Akwai shi, amma ba yadda ake yaɗawa ba. Idan filin ya kai eka biyar kuma ba gini a kansa, za a iya ajiye karaban har uku na kwana 28 a cikin shekara. Idan bai kai ba, karaban ɗaya ne, na matafiyi, dare biyu a jere ya tashi, kuma duk shekara kada jimilla ta wuce kwana 28. Sauran wata goma sha ɗayan fa, ina za ka kwana?

Yanzu bari in nuna muku inda muka nufa. Kusa da garin Basildon akwai wurin da ake kira Dale Farm. Mutanen da ke zaune a nan 'yan asalin ƙasar Ayalan ne masu rayuwar yawo, waɗanda kaka da kakanni a karaban suka tashi. Filin nasu ne, da kuɗinsu suka saya. Wani ɓangare yana da izini, ɗaya ɓangaren babu, ga shi kuma yana cikin filayen da aka killace kewaye da Landan don kada birni ya cinye karkara. An shafe kimanin shekara goma ana shari'a. A watan Oktoba na 2011 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shigo, aka tashi iyalai da dama, duniya na kallo a talabijin. Mutanen da ke da lauyoyi da ƙungiyoyi a bayansu ke nan. Ni dai a ganina tsarin yana da amfaninsa, don shi ya sa za ka fita daga Landan ka tarar da kore shar maimakon unguwanni barkatai. Amma kowa ya ga yadda babban kamfani ke samun izinin ɗaruruwan gidaje a gona, talaka mai karaban ɗaya kuma a ce masa ya ɓata kyan wuri, ya san sandar ba daidai take sauka a kan kowa ba.

To mun iso gidan wani Alhaji ɗan garinmu, ya ba ni izinin ɗaukar bayan gidansa. Ga karaban nan a cikin lambu, babban ɗansa ke kwana a ciki. Wannan halas ne, ba ya buƙatar izini, saboda yana cikin harabar gida kuma ɗan gidan ne ke amfani da shi. A cikin gida yake cin abinci, can ake masa wanki, wutar ma ga wayarta nan daga kicin aka jawo. Ranar da Alhaji ya sa ɗan haya a ciki, da mitarsa daban da tukunyarsa daban, ya zama gida na biyu, sai da izini. Kuma ko a hakan, a duba takardun gidan, don wasu unguwannin an rubuta tun farko cewa ba a ajiye karaban. Mai haya kuwa sai mai gida ya yarda. Alhaji bai tsaya ga maganar baki ba, ya nemi takardar shaida daga kansul cewa abin da zai yi bai saɓa doka ba, tana nan a ajiye saboda ranar da maƙwabci zai kai ƙara.

Mu leƙa ciki. Ku dubi tagar nan, ruwa ne ke tsiyaya a jikinta, numfashin mutum ɗaya ne na dare ɗaya. Ku ga kusurwar katifa, ta fara baƙi. Bangon nan bai kai kaurin tafin hannuna ba. Ga tukunyar gas a waje, idan ta ƙare da ƙarfe ukun dare a watan Janairu, sai dai a ƙara bargo. Shi yaron yana da gidan da zai ruga. Wanda ke tsakiyar gona, ba famfo, ba wuta, ba inda zai zubar da bayan gida, shi kaɗai ya san abin da zai gani.

Wani zai ce, wa zai sani? Maƙwabta. A nan ba a zuwa da jan fenti a shafa wa bangonka alamar rusau kamar yadda muka sani a Kano ko Abuja. Wasiƙa ce za ta zo cikin ladabi, da tambayoyi, a ba ka kwana 21 ka amsa. Bayanta sai takardar umarnin ka daina zama ka kwashe kayanka. Kana da damar ɗaukaka ƙara wurin sufetocin tsara gari na gwamnati, amma sai ka yi kafin ranar da umarnin zai fara aiki. A dokar tsara gari, zama ba izini shi kansa ba laifin da ake gurfanar da mutum ba ne. Ƙin bin umarnin shi ne laifi, tararsa ba ta da iyaka, kuma kansul na iya shigowa ta ɗauke karaban ɗin ta aiko maka da lissafin aikin. Mu da ke kan biza mu ƙara da wannan: hukuncin kotu abu ne da za a tambaye ka ranar neman takardar zama ta dindindin.

Akwai masu cewa a lallaɓa a ɓuya, idan an shekara goma ba a kama ka ba ya zama halas. Ƙa'idar shekara goman gaskiya ce, amma sai ka kawo hujjar cewa zaman bai yanke ba, kuma ɓoyewa da gangan na rushe ta. Wani manomi a yankin Surrey, kudu da Landan, ya gina katafaren gida ya lulluɓe shi da tarin damman ciyawa na shekara huɗu, yana jiran wa'adin da ake ba gini a wancan lokacin ya cika. Kotu ta ce bai ci ba. A 2016 aka rushe gidan.

Hanyoyin da ke ɓullewa kaɗan ne. Idan ka samu izinin gina gida kuma kai kake aikin, za ka iya zama a karaban a wurin har ginin ya ƙare. Idan sana'ar noma ko kiwo za ka kafa da gaske, wadda dole sai mutum ya kwana kusa da dabbobi, kansul kan ba da izinin wucin gadi, galibi na shekara uku, su ga ko sana'ar za ta tsaya da ƙafarta. Lissafin kuɗi za su nema a rubuce. Kaji goma da akuya biyu ba za su gamsar da su ba. A Wales kuma tun 2010 akwai tsarin da ke ba mutum damar zama a karkara idan zai nuna cewa filin ne ke ɗaukar yawancin bukatunsa, kuma duk shekara sai ya kai rahoto.

Duk wanda aka turo wa hoton fili, ya shiga shafin kansul ɗin yankin ya sa adireshin, zai ga izinin da aka nema a wurin a shekarun baya da dalilin ƙi. Kyauta ne. Idan har yanzu ransa na so, ya biya ɗan kuɗin neman shawarar jami'insu kafin ya biya na fili. Wanda kuma rayuwar karaban ɗin ce ta ba shi sha'awa, akwai wuraren da aka tanada masu lasisi, sai dai a tambaya da kyau: na zama ne ko na hutu? Na hutu ba a yarda ya zama gidanka na dindindin ba, sai ka nuna kana da wani adireshin, wasu ma rufewa suke yi a tsakiyar hunturu. Na zaman kuma da yawansu sai wanda ya haura shekara 50 suke karɓa.

Hajiya na kira, an sauke abinci, kuma ina da aikin dare. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.