Ɗaukar Hoto a Zauren Taro Mai Ƙarancin Haske

Masu kallo, idon ɗan Adam yana saurin sabawa da duhu, shi ya sa zauren taro yakan yi kamar yana da wadataccen haske, alhali a wurin kyamara hasken bai taka kara ya karya ba. Idan aka bar ta ta zaɓa wa kanta komai, sai ta jinkirta ƙiftawarta domin ta tara haske, kuma a cikin wannan ɗan jinkirin ne mai jawabi yake juya kai ko ɗaga hannu, fuskarsa ta fito dishi-dishi.

Saboda haka ku fara da saurin ƙiftawar. Ga mutumin da yake tsaye yana magana, kada tsawon lokacinta ya wuce kashi 1 cikin 125 na daƙiƙa, idan kuwa mai yawan nuni da hannu ne, a kai ta kashi 1 cikin 250. Na'urar hana girgiza da ke cikin kyamara rawar hannunku kawai take magancewa, ba ta tsayar da motsin wanda ake ɗauka.

Daga nan sai a buɗe kafar haske iyakar buɗuwarta, wato a zaɓi lambar f mafi ƙanƙanta, domin gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon faɗin kafar. Gilashin da ake sayar da kyamara tare da shi yakan tsaya a f/5.6 idan aka jawo abu mai nisa, shi kuwa gilashi mai 50mm da ke buɗewa zuwa f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki 10 na wancan. Sai dai wurin da zai fito tar a hoton yana raguwa, don haka a saita kan idon mai jawabi, domin kyamara tana yawan kama makirfon da ke gaban bakinsa ta bar fuskar.

Abin da masu koyo suka fi tsoro shi ne ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske a cikin kyamara, kuma a ganina tsoron ya wuce kima. Ku kai shi 3200, ko ma 6400 idan hali ya yi. Gaskiya ne hoton zai yi tsaki-tsaki, amma ana iya rage wannan a kwamfuta, kuma da wuya mai kallon hoton a waya ya lura da shi. Fuskar da motsi ya ɓata kuwa gyaranta yana da matuƙar wuya, galibi ma ba ya yiwuwa.

Fitilun zaure suna da nasu halin. Na rufi, na dandamali da hasken majigi kowanne da launinsa, saboda haka ku ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, domin a daidaita launin fata daga baya. Wasu fitilun LED kuma suna walƙiya sau 100 ko 120 a daƙiƙa, ido ba ya gani, amma idan kyamara tana ɗauka a tsarin shiru, ratsi-ratsi kan bayyana a hoton. Filashin da ke jikin kyamara a kashe shi, domin bai wuce 'yan mitoci ba, kuma yana ɗauke hankalin mahalarta.

Ku isa wurin kafin a fara, ku gwada saitinku a kan wani da ya tsaya a mumbari, sannan ku zaɓi gefen da haske yake sauka a fuska. Idan jawabi ya kankama, ku jira lokacin da mai magana ya kai ƙarshen jimla ya ɗago kai ya dubi jama'a, domin a nan ne motsinsa yake tsayawa, bakinsa kuma yake a rufe.