Sassarfa a Bakin Tekun Jidda, Daga Minti Ɗaya Zuwa Kilomita Goma

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da asuba. Yau Juma'a, yanzu muka sallame sallah, ga ni nan a Kornish, bakin tekun Jidda. Bari mu juya kamara ku gani. Wannan duhun da ke gabanku Bahar Maliya ce, ruwan ya kwanta luf, iska ma ba ta motsi. Ɗan yayata ne riƙe da waya yau, yana bi na a kan keke, in kun ga hoto yana rawa ku yi masa uzuri, barci bai gama sakinsa ba.

Mutanenmu na unguwannin Sabil da Karantina sun dame ni da tambaya. Duk wanda muka haɗu a bakala, wato kantin unguwa, ko a ƙofar masallaci sai ya ce, "Malam, wai gudu kake yi yanzu? Da wannan tumbin?" To tumbin dai ya ragu, kuma yau zan nuna muku yadda abin yake tun daga tushe, domin wanda bai taɓa yi ba.

Ku da ke gida ba lallai ku gane irin zaman da muke yi a nan ba. A Kano ko Damagaram ko ba ka so sai ka taka, daga gida zuwa bakin titi, daga tasha zuwa cikin kasuwa. Nan kuwa daga ɗaki mai sanyi sai mota mai sanyi, daga mota sai wurin aiki. Ni direba ne, wuni nake a zaune. Dare ya yi a zube maka faranti na kabsa ko mandi, ka bi da shayi mai siga kamar an yi ɓari, ka kwanta. Safiya ta yi ga tamis da ful. Ranar da na je gwajin jini likita ya dubi takarda ya dube ni, ya ce sukari bai kama ni ba tukuna amma yana bakin ƙofa. Shi ya faɗa mini cewa Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 na mai ƙarfi. Na lissafa nawa, ban ga ko minti goma ba.

Kun ga yanzu tafiya nake yi, ban fara gudun ba. Minti biyar na farko kullum tafiya ce mai ɗan sauri, jiki ya ɗau ɗumi, gwiwa ta saki. Ga mai farawa kuwa, ga tsarin da ya fi ko wanne sauƙi. Ka yi sassarfa minti ɗaya, ka yi tafiya minti ɗaya da rabi, ka maimaita har minti ashirin su cika. Sau uku a mako, kuma ka bar kwana guda tsakani. Shi ke nan aikin makon farko. Mako na biyu sassarfar ta koma minti ɗaya da rabi. Haka za ka riƙa ƙara gudu kana rage tafiya, har wajen mako na tara ka ga kana yin rabin awa ba tsayawa. Wani ɗan Amurka mai suna Josh Clark ne ya tsara shi a 1996, daga baya hukumar lafiyar Ingila ta ɗauka ta mai da shi manhajar waya. In mako ya yi maka nauyi ka sake shi, babu mai ba ka maki.

Abin da ke kayar da mutanenmu kunya ce. Ƙato ya sa takalmi ya fito, ga jama'a a mamsha, wato hanyar masu tafiya a ƙafa, sai ya ga kamar in ya tsaya yana tafiya an gama raina shi. Sai ya kwasa da ƙarfi kamar an biyo shi, kafin ya kai fitila ta uku ya dafa gwiwa yana haki, gobe ba za ka sake ganinsa ba. Ni kuwa abin da nake ce wa 'yan'uwa shi ne, wanene a cikinmu bai yi Safa da Marwa ba? Ba ina haɗa ibada da motsa jiki ba ne, ku fahimce ni. Amma ku lissafa, zuwa da dawowa sau bakwai ya kai kilomita uku da ɗoriya. Kana tafiya, ka iso koren fitila ka yi sassarfa, ka wuce ta ka koma tafiya. Tsofaffi masu shekara saba'in suna gama shi ƙafa ba takalmi. Ashe jikinka ya riga ya san wannan tsari, kuma ya san nisan.

To bismillah, bari mu ɗaga ƙafa. Yaro, matso kusa su ji muryata.

Kuna ji ina magana ina gudu? Wannan shi ne ma'aunin. In kana iya faɗin jimla cikakkiya ba tare da numfashi ya yanke maka ita ba, saurinka daidai ne. In kuwa kalma ɗaya ɗaya take fita, ka rage. Agogona yana nuna minti bakwai da 'yan daƙiƙu a kowace kilomita. Yaran da ke wuce ni ɗin nan, ga su can, wataƙila minti biyar suke yi. Allah ya ƙara musu lafiya, ba tare muka fito ba. Taku gajere, kafaɗa a sake, kada ka dunƙule hannu kamar mai shirin dambe, ido yana kallon gaba. In suka ta kama ka a gefen haƙarƙari, koma tafiya, ja numfashi mai zurfi, za ta saki.

Yanzu ga babban zancen, wanda masu koyar da gudu a ƙasashen sanyi ba su cika damuwa da shi ba. Zafin Jidda daban yake da na Sakkwato, daban yake da na Riyad. Can zafi ne busasshe, ka yi gumi iska ta busar, jiki ya huce. Nan iska cike take da tururin teku, gumin ba ya bushewa, zuba kawai yake yi. Ku dubi rigata, ko kilomita biyu ba mu yi ba ta jiƙe sharkaf. Gumin da bai bushe ba kuwa bai sanyaya komai ba, ruwan jikinka kawai ya kwashe. Zuciya sai ta ninka aiki, tana tura jini ga ƙafafu, tana tura wani ga fata don a fitar da zafi. Shi ya sa saurin da ya yi maka daɗi a watan Janairu zai nemi kayar da kai a Agusta, alhali ba ragwanci ka yi ba.

Hukuma da kanta tana hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku na yamma, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Wanda ake biya ma an ce ya shiga inuwa, balle kai mai gudun kyauta. Lokacinmu biyu ne kawai, bayan asuba ko bayan isha'i. Ni na fi son asuba domin kwalta ta huce cikin dare, kuma Juma'a da Asabar da ake hutu titi fayau yake. Da daddare kuwa nan wurin cika yake da iyalai, ga yara da kekuna, ga masu shimfiɗa darduma, gudu ya zama kauce-kauce.

Sabon zuwa ya ba jikinsa kamar mako biyu yana fita kaɗan kaɗan kafin ya saba da yanayin. Ruwa kuma tun daren jiya ake fara sha, kada ka bari sai za ka fita ka ɗura lita guda cikinka ya riƙa ƙugi. Ga wata dabara mai sauƙi. Hau sikeli kafin ka fita, ka sake hawa da ka dawo. Duk kilo ɗaya da ya ragu, kusan litar ruwa ɗaya ce ta fita, kada ka yi murna ka ce kitse ne. Mayar da ita a hankali, ka haɗa da abu mai ɗan gishiri, laban, wato nono, ya wadatar. Fitsari in ya yi ja ja, jikinka na bin ka bashi. Jiri, ciwon kai, tashin zuciya, ko ka ji tsigar jiki na tashi alhali ana zafi, wannan tsayawa ake yi nan take a nemi inuwa da ruwa. Mai hawan jini, mai sukari, da wanda ya taɓa jin ciwon ƙirji, ya fara ganin likita kafin ya sayi takalmi.

Ga Baba can tafe. Dattijon nan Bahaushe ne haifaffen Makka, kakanninsa da ƙafa suka zo ta Sudan, kusan kullum a nan nake samunsa da carbi a hannu.

"Baba, barka da asuba, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau ɗana. Yau ma gudun ne? Wa ya biyo ka?"

"Tumbi ne Baba, shi nake guje wa."

"To ka bi a sannu, shi ma ba sauri gare shi ba."

Kun ji ko. Kullum sai ya tsokane ni.

Mu dawo kan yadda ake ƙara nisa, domin a nan ne ake jin ciwo. Bayan wata biyu za ka ji numfashi ya buɗe, ka gama kilomita biyar kana jin za ka iya wasu biyar. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, cikin makonni. Ƙashi da jijiyoyi kuwa watanni suke ɗauka kafin su yi ƙwari. Daidai lokacin da ƙirji ke ce maka ƙara, ƙwauri da diddige ba su shirya ba. Sai ka ji mutum yana cewa gudu ya lalata masa gwiwa, alhali daga kilomita biyar ya yi tsalle zuwa goma sha biyu cikin mako guda.

Masu gudu suna da wata ƙa'ida ta kada ƙarin mako ya wuce kashi goma cikin ɗari na makon da ya gabata. Ba wahayi ba ce, amma tana taka wa mutum birki. Yadda nake yi shi ne, fita biyu na tsakiyar mako na bar su yadda suke, rabin awa rabin awa. Ta Juma'a kaɗai nake ja, in ƙara mata abin da bai wuce kilomita ɗaya ba. Bayan mako uku ana hawa, na huɗu in sauko in rage, jiki ya gyara kansa. Kuma doguwar fitar ita ce ta fi kowace tafiya a hankali. Kada ka ƙara nisa da sauri a mako ɗaya, zaɓi guda. Da haka biyar ta zama bakwai, bakwai ta zama goma, ban taɓa kwanciya jinya ba.

Ciwon gajiya da ciwon rauni ba ɗaya ba ne. Cinya ta yi tsami gefe biyu, kwana biyu ta sake, wannan ba komai. Amma ciwo a wuri ɗaya tak, wanda za ka iya nunawa da yatsa, yana ƙaruwa in ka taka, ko ya sa ka ɗingishi, a ajiye takalmi sai ya warke.

Takalmin ma bari in nuna muku. Ba sai mai tsada ba. Ka gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsunka da bakinsa, in ba haka ba farce zai yi baƙi. Ana cewa daga kilomita 500 zuwa 800 laushin ƙasansa yake mutuwa ko da samansa na sheƙi. Rigar auduga a nan azaba ce, tana shan gumi ta yi nauyi ta goge fata, ka nemi irin ta 'yan ƙwallo. Wando ya rufe gwiwa. Ɗan basilin a matsematsi da hammata yana hana saɓulewa. Waya da igama, wato katin izinin zama, kuma kada ka baro su a gida don wai nan kusa za ka.

Ƙannenmu da iyayenmu mata, ku ma filin naku ne. Ga wasu can su uku da abaya ta motsa jiki suna sassarfa, ba wanda ya ɗaga kai ya kalle su. Shekarun baya ba za ka ga haka ba. Sarah Attar ce mace ta farko da ta yi wa Saudiyya gudu a gasar Olamfik, a Landan a 2012, mita 800, sannan a 2016 ta yi gudun fanfalaki a Rio. Ku fito ku biyu ko uku, ku fara da tafiya. Da azumi kuma ba a ƙara nisa. Ni bayan tarawihi nake ɗan fita in riƙe abin da na samu, sai bayan sallah a ci gaba.

Ga Masallacin Rahma can mai ƙafafu a cikin ruwa, a nan zan juya. Agogo ya nuna kilomita biyar, komawa ta cika goma. Abin da nake hari yanzu gasar Riyad ce. An fara ta a watan Maris na 2022, ana yin ta lokacin sanyi, akwai cikakken fanfalaki kilomita 42.195, akwai rabinsa 21.1, akwai ta goma. Rabin nake so in shiga in Allah ya yarda kuma aka ba ni hutu a wurin aiki. Wannan yana nufin Juma'ata sai ta kai sha shida zuwa sha takwas kafin lokacin, kuma in fita ta wuce awa ɗaya da rabi dole a ci wani abu a hanya. Na fara gwada dabino uku a aljihu da ƙaramar gorar ruwa, mako mai zuwa zan faɗa muku yadda ciki ya karɓa.

Rana ta fara leƙowa ta bayan gine-gine, kuma saura kilomita biyar a gabana. Yaro, kashe wayar nan ka miƙo mini ruwa. Sai mun haɗu, a yi Juma'a lafiya.