Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ya Ci Teku da Yaƙi?

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani malamin makaranta. Ya ce duk rubutun da ya karanta a kan binciken ƙarƙashin teku, sai ya tarar ana cewa "an yi galaba a kan teku" ko "an mallake shi", kamar labarin fagen daga. Yana tambaya, daga ina wannan salo ya samo asali?

To Malam, gado ne. Irin wannan rubutu ya bunƙasa ne a zamanin da daulolin Turai ke rige-rigen mamaye ƙasashe, lokacin da wanda ya riga isa wuri ke kafa tuta ya ce nasa ne. Daga baya yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet ya ƙara rura wutar.

Amma duba abin da ake kira galabar. Ranar 23 ga Janairun 1960, Jacques Piccard ɗan Suwizalan da Don Walsh, hafsan sojan ruwan Amurka, suka nutsa da jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Trieste zuwa Challenger Deep, wuri mafi zurfi da aka sani a teku, a tekun Pasifik, zurfin kusan kilomita 11. Saukar ta ci musu kusan awa biyar, wata taga ta tsage a hanya. Da suka dira, laka ta turnuƙe, ko hoto ɗaya ba su samu ba. Bayan kimanin minti 20 suka juyo. Jarumta kam sun yi, ba musu, amma leƙe ne kawai na baƙo a bakin ƙofa.

Abin da ke damuna, Malam, kalmar ba ta tsayawa a takarda. A 2007 tawagar Rasha ta kafa tutar ƙarfe a ƙasan tekun Arktik, zurfin fiye da mita 4,000. Yanzu kuma kamfanoni sun zuba ido a kan duwatsun ma'adinai da ke shimfiɗe a ƙasan Pasifik, duk da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ce ƙasan tekun da ba na kowace ƙasa ba gadon 'yan Adam ne baki ɗaya.

A 1989 masana daga Jamus suka ja garma a ƙasan teku daura da Peru, don su ga irin ɓarnar da haƙar ma'adinai za ta yi. Da aka koma a 2015, bayan shekara 26, sawun garmar na nan raɗau, halittun wurin kuma ba su gama farfaɗowa ba.